Ƙwayar Inna

Shekarar da Annasara suka naɗe tutarsu na sami aikin rabon ƙwayar kuturta. Aka ba ni keke da jakar fata da gwangwani cike da farar ƙwaya, aka ce kowane mako in zagaye ƙauyukan da ke tsakanin Cadawa da Gangara. Ina sabon ango a lokacin, ina ji da kaina kamar ni na ƙera keken.

Majo, wato babbanmu a likitar Cadawa, mutum ne mai faɗa, amma umarninsa biyu ne rak. Ya ce, “Ƙwaya, kai za ka sa ta bakin mai ciwo, ka ga ya haɗe. Sannan ka duba ƙahwahunshi, bisa da ƙasa. Kada ka ba ɗan aike, ko da uwarshi ce.” Dalili kuwa, ciwon nan yana kashe jin jiki. Mutum sai ya taka garwashi bai sani ba, kuma wanda bai ji zafi ba ba zai yi kuka a zo a cece shi ba.

Na bi umarnin nan a ko'ina. Na sha riƙe haɓar dattijo mai furfura har sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Gida ɗaya ne na kasa.

A gidan akwai yayar surukata, wadda muke kira Inna. Ita ta yaye matata, ita ta goya ta, saboda haka a wajena suruka ce cikakkiya. A wajenmu kuwa ba ka haɗa ido da suruka. In ka hango ta a hanya sai ka ratse cikin gona, ko da ƙaya ce a gabanka. To ina maganar ka ce ta buɗe baki, ko ka kama ƙafarta ka juya? Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa mai rai, ciwon ya riga ya ci yatsunta na hannu. Riƙonta ya koma wajen ƙanen mijin, wanda shi ne mai gidan.

Ranar farko ya tarbe ni a zaure da tabarma da fura mai sanyi. Ya ce, “Likita, ai kunya ba ta barinta hitowa. Kawo nan, ni za ni ba ta da hannuna.” Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na zuba masa ƙwayar a tafin hannu, na ɗaga murya ta saman danga na ce, “Inna, ina kwana?” Daga ciki ta amsa, “Lahiya lau.” Na buga ƙararrawar kekena na wuce.

Haka muka yi tun daga kaka har sanyi ya kusa fita. Na lura muryarta tana ƙara nisa. Mai gida ya ce sabon ɗaki suka yi mata a baya, don ta sha iska. Daga bisani muryar ma ta ɗauke. Yau a ce tana barci, wani mako a ce ta tafi ɗiban itace. Mace marar yatsu da ɗiban itace! Na ji, na haɗiye da furar, don amsar ta yi mini daidai. In na koma gida matata ta tambaya, in ce, “Inna tana gaishe ki.” In majo ya tambaya, in ce kowa na gani.

Wata Bafillatana mai tallan nono ce ta tare ni a tsakiyar kasuwar Cadawa. Hanyarta ta zuwa ruga ta bayan gidan su Inna take bi. Ba ta ko gaishe ni ba ta ce, “Kai ne mai keke? Kana da hanci kuwa? Tsohuwar can ruɓewa take. Ni kaɗai ke tura mata nono ta ƙarƙashin ƙofa. Ƙudaje sun fi mutanen gidan zuwa gaishe ta.”

A ranar na tafi, rana tsaka. Ban tsaya a zaure ba. Mai gida ya sha gabana yana cewa, “Ina za ka? Surukarka ce hwa!” Na ture hannunsa na wuce ta tsakanin matansa, suna salati suna jan mayafi.

Ɗakin yana bayan rumbuna, waje da danga. Ƙofar kara ce, an ɗaure ta da igiya daga waje. A bakinta ga ƙwarya da busasshen tuwo, ga doguwar sanda da ake tura ƙwaryar da ita. Warin ya tarye ni tun kafin in kwance igiyar.

Da ta ga ni ne, sai ta yi sauri ta ja gefen zane da dungulmin hannunta ta rufe fuska. Ƙafafun ba ta rufe ba, don ba ta san halin da suke ciki ba. An sa mata kaskon wuta saboda sanyi, ta miƙe ƙafa a kai ba ta ji ba. Ta hagun ta yi baƙi har ƙauri, tsutsa tana yawo a ciki. Na durƙusa, na yi abin da ya kamata in yi tun kaka, na ɗauki ƙafar surukata a hannuna. Na ce, “Inna, ƙwayar hwa, kina sha?” Ta ce, “Wace ƙwaya?”

Mai gida bai musa ba. Ya ce, “Ita ta riga ta kamu, likita. Mu da ba mu kamu ba, ai mu munka hi buƙata.” Ashe rarraba ta yake yi wa matansa da 'ya'yansa, shi ma ya jefa rabi. Har zuciyarsa gani yake gidansa yake karewa. Na zage shi tas, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya bari na gama, ya ce, “To wa ke miƙo mani ita?”

Na kai ta Cadawa, majo ya tura ta Maradi a mota, aka yanke ƙafar, amma gubar ta riga ta hau jiki. Kwananta tara ta cika. Majo bai kore ni ba, da ma ya kore ni da na fi samun sauƙi. Na ci gaba da aikin shekaru, kuma daga ranar babu ɗakin da ban kutsa ba. Sai na fitar da kowa waje, in zauna da mai ciwo mu biyu, in tambaya in duba. A ƙauyuka da yawa sunana ya koma likita marar kunya, ban damu ba.

Abin da ke cina shi ne hanyarmu ta zuwa Cadawa a ranar. Na ɗora ta a jaki, ina tafe a gefe ina tallafe da bayanta kada ta faɗi. Fuskarta na rufe har lokacin. Da muka yi nisa, sai ta yi magana a hankali.

“Ina jin ƙararrawar kekenka kowane mako. Da hwari nakan rarraho in share bakin ɗaki, in ce yau zai shigo.”

Jakin ya yi taku kaɗan, sai ta ƙara da cewa, “Amma na ce ma raina, yaron ga yana da kunya. Ɗiyata ta yi dacen miji.”