Zauren da Na Rushe

Zauren gidanmu a Tchaké na laka ne, ƙofarsa gajeriya, duk dogon da ya yi gaggawa sai ya sha karo. Nan Baba ke wuni. Mai wucewa ya leƙo a gaisa, mai rigimar iyakar gona ya zauna a sasanta. Akwai kuma amininsa, wani Buzu mai raƙuma, da ke sauka a wurinmu duk jajibirin kasuwa. Ya ɗaure raƙuminsa a waje, ya hura gawayin shayi, su yi ta musu kan wanda ya fi wani tsufa.

Da na samu aiki a Maraɗi, sai zauren ya fara ba ni kunya. Ni mutum ne mai son a ce ya yi, wannan hali na san ina da shi. Na kawo magina, aka ture shi, aka ja katangar siminti, aka sa ƙyauren ƙarfe. Can cikin gida na gina wa Baba ɗakin baƙi mai kujeru. Ban tambayi kowa ba. Baba ya sa mini albarka, har yau kuma bai taɓa cewa uffan ba.

Abin da karatuna ya mantar da ni shi ne, namiji baƙo ba ya ratsa tsakar gidan wani, mata na daka, don ya je ya zauna a kujera. Tsofaffin suka riƙa tsayawa a bakin ƙyaure su gaisa a tsaitsaye. Sannu a hankali suka koma gindin itacen bedi na masallaci, inda ƙafar Baba ba ta iya kai shi kullum. Buzun kuwa ɗif, ba a sake ganinsa ba.

Bara na ci karo da shi a kasuwar Mayahi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba na cigiyarsa.

"Ai na taho, ɗana," in ji shi. "Na iske ƙarhe. Na duba, ban ga inda mutum zai tsaya ya yi sallama ba. Na ce wataƙila gidan ya hi ƙarhina yanzu."

Na rantse masa ba haka ba ne, na roƙe shi ya dawo. Ya ce to, in Allah ya yarda, irin "to" ɗin da kowa ya san ma'anarta.

Na je gida da niyyar gaya wa Baba komai. Na same shi shi kaɗai a ɗakin baƙin, ya bar kujerun ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Kunya ta kama ni, na ce kawai na ga amininsa, yana lafiya, yana gaisuwa.

Baba ya ce, "To mi ya hana shi zuwa? Kullum ina bincikar kaina, ko ni na yi mishi wani laihi ban sani ba."