Waken Asta da Ragon Maccido

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Illela da hantsi ya san Inna Ummu mai ƙosai, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshin kaskonta. Ni Haulatu, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a Amarawa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin rijiya ba. Mace ce gajera, mai saurin dariya da saurin faɗa, kuma takan iya haɗa su biyun a numfashi guda. Direbobin da ke ƙetarawa Ƙonni sukan ce ƙosanta ba ya shan mai, ita kuwa takan ce ba hannunta ba ne, waken ne.

Waken yana da suna. Waken Asta ake ce masa, don kakarta Asta ce ta zo da shi daga Garu a ƙullin zane ranar da ta tare. Fari ne tas, manyan ƙwayoyi, ɓawonsa na saɓulewa da an ɗan jiƙa shi, ƙullunsa kuma yakan tashi tun kafin hannu ya gaji da bugu. Kowace kaka Inna Ummu takan zaɓi iri, ta gauraya da toka, ta liƙe a tulu, yadda ta ga uwarta na yi. Takan ba da aron kasko, ta ba da aron zane, amma tulun nan ko mijinta bai isa ya girgiza shi ba.

Mijin nata, Malam Maccido, ɗan kasuwa ne mai kai albasa ya dawo da dabino ta kan iyaka. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, idan ana magana yakan gyaɗa kai alhali hankalinsa yana wurin ragonsa. Kowace shekara yakan turke rago, na shekarar da nake ba da labari kuwa sunansa Ango, kuma wallahi ya ci sunan. Ana yi masa wanka da sabulu, ana ba shi kanwa, idan ya yi atishawa gidan kowa sai ya ji.

To, sai ciwo ya shigo wa waken Asta. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya nannaɗe, itacen ya tsumbure, kwanson ya fito ƙanana. Bana ta fi bara muni, baɗi ta fi bana. Inna Ummu ta zuba toka, ta sa an yi feshi, ta canza kunya, duk a banza. Har ta kai ta sayo waken kasuwa tana haɗawa, wani direba ya ci ya tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Ranar ta dawo gida ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya tsorata mu ke nan.

A nan ne Malam Attahiru ya shigo labarin. Malamin gona ne, siriri, mai haƙuri, yana aiki da masu binciken iri. Ya duba ganyen ya ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke ɗaukarta daga wannan itace zuwa wancan, kuma tana iya laɓewa cikin irin kansa.

"Cikin tuluna?" in ji Inna Ummu. "Malam, ka iya bakinka hwa."

"Ba laihin tulunki ba na, Inna," ya ce. "Kuma babu maganin da za a hesa ta warke. Amma akwai wani wake da cutar ba ta kamawa. Sai mu yi musu aure da naki."

Ya fiddo waken daga aljihu, ɗan ƙanƙane, ja-ja, mai taurin ɓawo. Ta juya shi a tafin hannu, ta yatsine fuska.

"Wanga abu zan ba ɗiyar gidanmu? Ko akuya sai ta yi shawara."

Amma ta yarda, don ba ta da wata hanya. Na sha leƙawa ta kan katanga in ga Malam Attahiru tsugune da hantsaki, yana buɗe furen waken Asta yana goga masa garin furen ɗan jan nan, sa'an nan ya ɗaura zare. Abin da aka samu aka shuka, aka sake haɗa shi da na Asta don farin da girman su dawo, aka sake shukawa, da damina a bayan gida, da rani a fadama. Inna Ummu ta ce ko auren 'yarta bai ci mata lokaci haka ba.

Daminar da ta fi wuya ita ce ta gwaji. Malam Attahiru ya sa aka shuka jikokin auren a kunyoyi, kusa da su kuma aka shuka tsohon iri mai ciwo da gangan, ya kuma hana feshi. Dabarar ita ce a bar darɓa ta yi aikinta, duk itacen da ya tsaya kore shar a tsakiyar marasa lafiya shi ne za a ajiye. Inna Ummu ta zuba ido tana kallon gonarta na rawaya kunya bayan kunya, tana cizon leɓe. Amma can da can sai ga wasu 'yan itatuwa sun ƙi ciwon, ganyensu shimfiɗe, kwansonsu dogaye. Ba su da yawa. Duk abin da ya rage na waken Asta a duniya yana jikinsu, don tulun ya riga ya zama fanko. Malam Attahiru ya ce a bar su su bushe a tsaye, kada kowa ya taɓa.

An gaya wa Malam Maccido. A gabana aka gaya masa, ya gyaɗa kai har sau nawa, yana sosa wa Ango wuya.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, Inna Ummu tana tasha tana suya, shi kuma ya zagaya bayan gida. Ya ga gona duk ta yi rawaya, ya ga 'yan korayen nan tsilli-tsilli. Duk mai rago a ƙasar nan ya san harawa tun tana kore ake yanke ta, in ta bushe a tsaye ganyen ya kakkaɓe, sai kara. Sai ya ce a ransa bari ya ceci abin da zai cetu. Ya ɗauko lauje, ya bi kunya-kunya, ya tsallake masu ciwo don ba zai ba Ango ƙazanta ba, ya yanke masu lafiyar nan kakaf. Ya ɗaure dami-dami ya jefa kan rumfa, ya warware ɗaya ya zuba wa Ango a daro.

Ni na fara gani, na kuwa zuba da gudu har bakin titi na tare mai babur na aike shi tasha ya ɗauko ta. Inna Ummu ta bar kasko a wuta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta iso da matsamin ƙosai a hannunta.

"Malam! Mi kay yi?"

"Harawa niy yanko ma Ango," ya ce, har da murmushinsa. "Ki ga kyawunta. Da na bari da duk ta lalace."

"Kakata ta ka baiwa rago!"

Ta yi kan Ango, Ango ya yi kanta, ni na riƙe ƙaho, Malam Maccido yana ta roƙon a bi shi a hankali, ragon yake nufi. Ta fizge daron, ta zare wani reshe daga bakinsa. Sa'an nan ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, na gaske, irin wanda ban ji ta yi ba tun rasuwar uwarta. Sai a lokacin Malam Maccido ya gane. Ya tsaya da lauje a hannu, bakinsa a buɗe, na ji tausayinsa duk da ina jin haushinsa.

Da Malam Attahiru ya zo bai yi faɗa ba. Ya sa aka sauko da damman, muka baje su a tabarma, ya ce duk kwanson da ya fara rawaya ƙwayarsa ta nuna, za ta tsiro, ɗanyun kuwa sun tafi. Muka zauna muna tsinta har la'asar. Malam Maccido da rigarsa ta kasuwa ya durƙusa a gaban turke yana tone ƙasa da yatsa, yana neman abin da Ango ya zubar. Abin da muka haɗa duka bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Malam Attahiru ya ɗebi rabi don su ci gaba da gwaji a wurinsu, rabin ya koma tulu.

Da aka shuka, ya tsiro. Darɓa ta zo, ganyen bai ko motsa ba. Inna Ummu ta hana a ci ko ƙwaya ɗaya sai da aka sake shukawa ya yawaita. Malam Maccido kuwa ya mayar da turke can ƙofar gida, yana kuma gaya wa abokansa cewa shi ne ya zaɓo irin da laujensa. Ba ta ƙaryata shi, harara kawai take yi.

Ranar da ta fara suya da shi, a gida ta yi, ba a tasha ba, ta kira ni. Ɓawon ya saɓule, ƙullun ya tashi, ta saka a mai ya kumburo. Ta tsamo ɗaya, ta ɓara, ta daɗe tana shinshinawa kafin ta kai baki. Muka zuba mata ido, har da Malam Maccido a bakin zaure.

"Haulatu," ta ce, idonta ya ciko, "ita ta. Asta ta dawo gida."

Ta ɗauki na biyu ta miƙa wa mijinta.

"Karɓi, Malam. Kai kaɗai, ban da rago."