Firjin da Ya Fi Ƙofa Faɗi

Ni tela ne, matata kuwa ma'aikaciyar gwamnati, kuma shekara goma sha tara ke nan ina fama da bayyana wa mutane aikinta. Idan gwamnati ta ba ɗan kwangila aikin ƙera wata na'ura, ita ake turawa duk wata ta ga inda aka kwana. Ta duba, ta gwada, ta rubuta rahoto. In ta sa hannu aiki ya ci gaba, in ba ta sa ba kowa ya nemi wuri ya zauna.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. A gefen teburinsa ta girma, tana riƙe masa waya yana narka dalma, shi ya sa har gobe ba ta yarda da na'urar da aka rufe bayanta ba. 'Yan kwangila sun sa mata suna Buɗe-Mu-Gani, domin tun ba a gama gaisawa ba abin da take cewa ke nan. Lemon da suke ajiye mata sai dai ya yi ɗumi a kan tebur. A gida ma ban tsira ba. In na ce na gama ɗinka kayan makarantar yara, sai ta juya rigar ta duba cikinta, ni da na shekara talatin a kan keke. Tef ɗin awona kuwa na daina ƙirga nawa suka shiga jakarta ba su fito ba.

A duk shekarun nan, kafin maganar firjin nan, ko takardar gargaɗi ɗaya ba ta taɓa shiga fayil ɗinta ba. Ba ta faɗa, amma na san tana ji da wannan.

Shekarar bara aka haɗa ta da wani dattijo da ma'aikatansa ke kira Baba Mai Firji. An ba shi aikin ƙera firji sittin masu aiki da hasken rana, na ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Wurin aikinsa rumfar kwano ce mai tsawo a bayan tashar mota, da mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinsa. Sharaɗin shi ne firjin ya riƙe sanyi kwana uku ko da rana ba ta fito ba. A wata na bakwai suka gwada na farko, ya yi kwana biyu ya fara ɗumi. Baba ya ce maganin abin shi ne a ƙara kaurin bangon firjin, santimita shida ta kowane gefe. Ta duba lissafinsa, ta ga daidai ne, ta sa hannu a takardar canji. Aka sake gwadawa, ya yi kwana huɗu. Ranar har nama ta sayo mana.

A lokacin ne kuma aka ce shugaban sashensu zai yi ritaya, kuma sunanta ne a sama. Ni na fi ta murna, ba zan ɓoye ba. Shugaban sashe a ofis yake zama, ita kuwa gwiwarta ta hagu ta gaji da hanya. Duk dawowar da za ta yi daga tafiya sai babbar 'yarmu ta gasa mata ita da ruwan zafi.

An ƙera arba'in da ɗaya ke nan wata tafiya ta bi da ita ta gaban ɗaya daga cikin asibitocin. Ba ya cikin aikinta, amma ta sa direba ya tsaya, ta ce a nuna mata inda za a ajiye firjin. Ma'aikaciyar jinya ta kai ta wani ɗan sito a ƙarshen baranda. Matata ta ciro tef ta auna. Faɗin ƙofar santimita tamanin ne. Firjin da ta sa wa hannu ya koma tamanin da shida. Kuma da zane ɗaya aka gina asibitocin duka sittin.

Da la'asar ta shigo shagona, abin da ba ta saba yi ba, ta ture yadi ta zauna a benci.

“Maigida, na yi ɓarna,” in ji ta.

Ta ba ni labari tsaf, kamar tana karanta rahoton wani. Na ce to a shigar da shi a karkace mana. Ta ce ta kowane gefe aka ƙara, kuma ba a kwantar da shi. Na ce a cire ƙyauren. Ta ce gini ne ya yi kaɗan, ba ƙyaure ba.

“To ogan naku me ya ce?”

“Ya ce in bar maganar a hannunsa. A takardar kwangila akwai layin da ya ce ɗan kwangila ne zai tabbatar kayan sun shiga mazauninsu. In aka bi wannan, laifin Baba ne. Za a karɓe aikin, a cire sunansa daga waɗanda gwamnati ke hulɗa da su.”

“To ai shi ke nan. Doka ce ta faɗa, ba ke ba.”

“Ranar da zan sa hannu Baba ya tambaye ni ko girman ba zai zama matsala ba. Na ce masa ya bar min wannan, zan duba. Ban duba ba. Sanyin kawai nake kallo.”

“Wa ya ji lokacin da ya tambaye ki?”

“Ba kowa.”

Na tsayar da keken. Na ce, “Uwargida, ki yi shiru. Ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai. Shekara goma sha tara kina bin hanya, ki bari ki huta. Shi dattijon ba zai rasa wani aikin ba.” Na yi ta kawo dalilai, kuma dukansu masu kyau ne, don ni in ina son abu ba na rasa hujja. Ta saurare ni har na ƙare. Sannan ta tambaye ni ko in dawo da burodi ko ita ta saya a hanya.

Washegari ta rubuta rahoton. Shafi ɗaya ne da rabi. Ta sa ranar da Baba ya yi tambayar, da amsar da ta ba shi, da awon ƙofar, ta sa sunanta a ƙasa. Ogansu ya mayar mata da shi sau biyu ta sake tunani, sau biyu tana mayar masa yadda yake.

An ba ta takardar gargaɗi. Kujerar ta tafi ga wani wanda ita ta koya masa cike fom. Baba ya ƙarasa firjinsa sittin, kowanne yana riƙe sanyi kwana huɗu, kuma babu ko ɗaya cikin mutanensa da ya rasa aiki. Ita kuma aka ce tunda ta san ƙofofin, ta bi magina asibiti-asibiti ana fasa gini ana faɗaɗawa. Wata biyar ta yi tana wannan, a hanyoyin da mota ke tafiya kamar ana tankaɗe. Yanzu da sanda take hawa matakalar ofis.

Na yi fushi da ita kusan mako biyu, ina amsa gaisuwarta a daƙile. Daga baya fushin ya wuce, kunya ta maye gurbinsa, kuma ita ba ta wuce ba. Na sha jiran ranar da za mu yi saɓani ta ce, “Ai kai ne ka ce in yi shiru a kori tsoho.” Da ta faɗa da na ba ta haƙuri an wuce wurin. Mun yi faɗa a kan yara, mun yi a kan ɗinkin da na ƙi gama mata, amma wannan maganar ko sau ɗaya ba ta taɓa tuna min ita ba.