Yadda Na Je Katsina Neman Aiki Aka Maido Ni a Bayan Gingimari

Mayahi, asubar Talata

Tun ladan bai gama gyaran murya ba na bar Mayahi, a motar 'yan kasuwar da suka ci kasuwar Litinin suna komawa Tasawa. Shekarar farin nan ce da jar dawar taimako ta zama abincin mai kuɗi da talaka, soja kuma na mulki nan gida da can tsallaken iyaka.

Ni ma'aikaciyar kula da jama'a ce a likitar Mayahi, wato asibitinmu. Aikina in auna jarirai a sikeli, in koya wa uwaye dama kunu da ƙwai da gyaɗa da madara. Wata rana ina tsakiyar bayani wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, in kin ƙare, a nuna muna ƙwan mu gani. Mun mance kamarshi."

Ana cikin haka Hajiya Dije mai atamfa ta kawo mini labarin Rakiya, ƙawata da muka yi karatun aikin nan tare a Yamai. Ta ce Rakiya na Katsina, aikinmu take yi, ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace, tana da firji, kuma ta ce in zo akwai gurbi. A shekarar da kowa ke ƙara wa zane ɗauri, labarin ƙiba ya fi wa'azi shiga kunne. Na ɗauki hutuna, na naɗe difilom ɗina, takardar shaidar karatuna, cikin ɗankwali. Inna ta rako ni bakin zaure ta ce, "Zainabu, in can daɗi ne, mi ya sa Hajiya Dije ke dawowa?" Na ce mata ta yi mini addu'a kawai.

Tasawa

Motar ta fi ni shekaru. Duk inda rairayi ya yi zurfi sai direba ya ce maza su sauka su tura, mata su yi salati. Gefen hanya gonaki fayau, gawar shanu ta bushe har ungulu ta raina. Kafin mu shiga gari jandarma ya tsayar da mu, ya karanta katina, ya dube ni.

"Ma'aikaciya? Ina za ki?"

"Gaida gwaggota, ranka ya daɗe."

"Wannan shekara kowa gwaggo tai ta koma kudu," in ji shi, ya miƙo mini katin.

Da hantsi muka sauka. Na sayi kwaɗon tafasa na dala biyar a tasha, ƙuli-ƙulin cikinsa sai an yi rantsuwa. Na kwana gidan gwaggon, don da gaske ina da ita, kada a ce na yi wa hukuma ƙarya duka.

Gazawa zuwa iyaka, Laraba

An rufe iyaka a lokacin, rufewar da ta hana mai takarda wucewa, ta bar wa kowa daji. Daga Gazawa na hau amalanken wani Bafillace, Jaɓɓi, wanda garkensa duka ya ƙare sai sa ɗaya. San nan ya fi mu sanin halin da ake ciki: ya yi taku kaɗan, ya tsaya ya yi tunani.

"Baffa, ba ka ɗan taɓa shi da sanda?"

"Madam, wanga shi ad dukiyata. In duka ya zama dole, ke za a fara."

Bayan la'asar ya tsaya gindin wata aduwa ya ce mun shigo Nijeriya. Na duba gabas da yamma. Yunwar iri ɗaya ce, ƙudajen ma kamar na san su. A ƙauyen farko na canza sefa zuwa naira, na kwana ɗakin wata mai tuwo, da safe na samu a-kori-kura zuwa birni.

Katsina, Alhamis

Abin da ya fara tarbata a tasha shi ne wani babban mutum da babbar riga yana tsallen kwaɗo, soja na tsaye kansa da bulala, wai ya tsallake layi. Namu sojan faɗo maka wurin aiki suke ba sallama. Na nan har motsa jiki suke ba ka kyauta.

Rakiya kuwa ta yi ƙibar, Hajiya Dije ba ta ƙara gishiri ba. Muka rungume juna har hannuna ya kasa zagayawa. Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya, firjin ya cinye rabinsa, kuma na matar mai gidan ne; Rakiya ƙanƙara take sayar mata da yamma.

"To aikin fa?" na ce.

"Akwai, ƙawata. Wata ƙungiya ce mai gidan gajiyayyu. Madam Walfiya suke ce mini, wato mai kula da jin daɗin jama'a."

"Girma nawa aka ƙara miki?"

Ta yi dariya har firjin ya amsa. Ta ce tun zuwanta ma'aikaciyar wucin gadi ce. Difilom ɗinta da Faransanci yake, an ce sai an kai Legas an fassara, har yau yana hanya. Yaran da ta koya wa aiki su ne shugabanninta yanzu, domin su 'yan ƙasa ne. Fansho babu, hutu babu, in ta yi zazzaɓi ranar ba ta cikin wata.

"Ƙibar fa?"

"Burodi ne da takaici."

Sai ta zaunar da ni karatu. Ni 'yar Jibiya ce daga yau. Kada in ce lakkol, in ce makaranta. Kada in ce za ni likita, a nan likita mutum ne. Kada in ce na shiga biro ina nufin ofis, a nan biro abin rubutu ne, za a ɗauka aljanu gare ni.

Gidan gajiyayyu, Juma'a

Shugaban wurin wani Alhaji ne mai fara'a da carbi mai tsada. Rakiya ta hana ni fito da difilom, ta ce 'yar Jibiya ba ta da irinsa. Ya tambaye ni ko na iya lallashin mata, na ce shi ne sana'ata. Ya ce madalla, in gwada yau.

A bayan gidan akwai fili, cike da mata da yara da tsofaffin da aka kwaso daga tasha da bakin kasuwa. Mutanenmu ne da fari ya koro. Aikin shi ne a ba su koko, a yi musu hira da taushin murya har a gane wanda ya fito daga Nijar, a nuna wa soja, gingimari na jira a ƙofa. Na dubi Rakiya. Ta kau da kai ta ce a hankali, "In ban yi ba wani zai yi, shi kuma ba zai ba su kokon ba."

Na ɗauki ludayi na fara rabo, ina ta shawara da zuciyata. Ban kai ƙarshen layin farko ba wata mata ta yi tsalle ta riƙe mini zane.

"Madam! Madam ta likitar Mayahi! Ni ce Habsu ta ƙauyen Attantane! Ga Sani da kika auna, kin gane shi? Jama'a, an aiko muna Madam daga gida!"

Mata suka yo kaina da guɗa. Sojan da ke ƙofa ya matso yana kaɗa bulala a ƙafarsa.

"Ke 'yar ina ce?"

Na buɗe baki in ce Jibiya. Sani na kallona daga bayan uwarsa, idanu sun faɗa, wuya kamar zare. Na ce, "Mayahi, ranka ya daɗe."

Ya juya wurin Rakiya. "Kin san ta?"

"Yau na fara ganinta," in ji ƙawata, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ban riƙe ta a zuci ba. A makaranta ma ta fi ni iya jarrabawa. Aka tura ni gingimari tare da su. Kafin mota ta tashi Rakiya ta zagayo ta baya, ta jefo mini jakata da burodi cike da buhu, da ƙullin sukari da gishiri, tana share hawaye da gefen mayafi tana daka mana tsawa don soja ya ji.

Hanyar gida

Aikin da na fi yi da gaske a shekarar nan a bayan gingimarin nan na yi shi. Sani gudawa yake, na haɗa ruwan gishiri da sukari a kwanon wani tsoho, muka dinga ɗura masa da cokali duk inda rami ya bar mu. Na raba burodin. Habsu sai ba ni haƙuri take, wai ta ɓata mini arziki. Na ce ta bari, da ba ta yi magana ba da yanzu ina can ina koyon sayar da ƙanƙara.

Ta Jibiya aka bi da mu, garin da aka ce nawa ne; na leƙa na gaida dangi. A iyaka aka buɗe mana ƙofar da aka rufe wa manyan 'yan kasuwa, sojan can suka miƙa mu ga sojan nan, har da sara wa juna. Daga Maraɗi motar taimako ta kwashe mu, muka bi ta garin Sarkin Hausa, muka shiga Mayahi ranar Lahadi da azahar. Ban kai jakata gida ba sai da na ga an kwantar da Sani a gado. Ya tashi, yanzu haka shi ke gyara mini babur, kuma ba ya yi mini ragi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya maido ni. Ina gode wa Jaɓɓi da sansa, da Rakiya da ta musanta ni ta ciyar da mu, da gwamnatin soja guda biyu da suka haɗa kai karo ɗaya a shekarar nan don su kawo ni gida ban biya ko dala ba. Mai sha'awar aikinmu a ƙasar waje ya je, hanya a buɗe take. Sai dai kafin ya ɗaura kaya, ya tambaya ko a wane gefen ludayi za a tsayar da shi.