Tabon Tsatsa a Dosiye

Duk wanda aka kawo mini sabo a aikin ajiyar takardu, ba na fara masa da kwamfuta. Wani tsohon dosiye, wato fayil ɗin takardu, nake ɗauko masa, in buɗe, in nuna masa tabon tsatsa a saman shafin farko, inda ƙarfen maƙale takarda ya taɓa zama. Sai in ce, zauna ka ji abin da na cire daga nan.

Shekarata ta farko ke nan a ofishin wani notar, wato mai hatimin cinikin filaye da gidaje, a unguwar Glass, a wani birnin bakin teku nesa da ƙasar Hausa. Ɗakin ajiyar yana ƙasa, danshin teku ya cinye bangonsa, kwalaye jibge a kan siminti. Abokan aikina a kansu suke zama su ci burodi, wani ma ya ɗora takalmi. Ni kaɗai ne Musulmi. Ina cikin jera dosiyoyi sai na riƙa cin karo da wasu takardu da suka yi ja, rubutun tawada, kowace da Bisimilla a samanta. Raina ya ɓaci. Mu da aka tarbiyyantar ko a hanya muka ga irin wannan mu ɗauke, ga shi ana zama a kai! Ban tambayi kowa ba. Karatun ajami kuwa da ƙyar nake haɗa baƙi, kuma ban tsaya haɗawa ba. Na bi dosiye ɗaya bayan ɗaya na zare su, ranar Juma'a na ƙona a bayan masallaci, na zuba tokar a ruwa. Wallahi har lada nake lissafa wa kaina.

Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi.

Bayan wata bakwai wata tsohuwa ta zo daga unguwar Derrière la Prison, 'yar Garwa ce, mijinta ɗan kasuwa bai daɗe da rasuwa ba. Jikokin wanda ya sayar musu da fili sun taso, sun ce ɓangaren da ɗakinta yake ba ya cikin ciniki. Da ta ji ina Hausa sai fuskarta ta saki.

"Alhamdu lillahi, ɗana, ashe namu ne a nan. Marigayi Malam ya ce in an taɓa ni in zo, iyakar filin tana rubuce da hannunsa, shaidu huɗu sun sa hannu."

Na ɗauko dosiyen. Takardar Faransanci tana nan, ta ce iyakoki suna cikin takardar da aka maƙala. Babu abin da ke maƙale, sai tabon nan.

"Duba dai a hankali, ɗana."

Na duba, alhali na sani. Sau uku ina juya shafi biyu. Daga nan na durƙusa na gaya mata gaskiya, tun daga kwalayen har bayan masallaci. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ita kuwa sai murza bakin mayafinta take yi.

"Ka karanta kafin ka ƙona?"

"Ban karanta ba, Inna."

"To. Allah ya ga niyyarka."

Shaidun huɗu duk sun rasu. Maigidana ya rubuta wasiƙu, ni ma na yi ta safa da marwa a tasi, ba abin da ya tsaya. Kafin shekara aka rushe ɗakin, ta koma raɓe a gidan wata 'yar garinsu a unguwar Cocotiers. Ba a kore ni ba, kuma har yau ban san ko hakan alheri ne ba. Takardu goma sha wani abu na ƙona, mai guda ɗaya ce kawai ta zo, sauran ina jiransu.

Shi ya sa nake faɗa da sababbi, har suna cewa na cika zafi. Kada ka raba takarda da 'yan uwanta. Kada ka hallaka abin da ba ka karanta ba, in ba ka iya ba nemi wanda ya iya. Kyakkyawar niyya ba ta cikin ƙa'idar aikin nan.

Na je gaishe ta sau ɗaya da lemo a leda. Ba ta ta da zancen ɗakin ba. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata.

"Ɗana, ko kusurwa ba ta rage ba? Ba don kotu ba. Rubutun Malam nake so in sake gani."