Kumburin Da Aka Ɗauka Goro Ne

A watan azumi Fadila ta lura. Rana tsaka, Babanta bai sa komai a baki ba tun sahur, amma tudun nan na kuncinsa na dama yana nan daram. Kowa a Babbar Kasuwar Kaduna ya saba ganin Malam Tanko da kunci a cike, ana cewa goro ya ajiye a wurin. Har matarsa Atika haka ta ɗauka.

Tun yana saurayi ya baro Katsina ya kama sayar da goro a kasuwar, ya yi gida a Rigasa. Da haƙori ya yi suna. In an sauke huhu, zai zaro ɗaya ya gatsa, daga ƙarar kawai ya faɗa maka ko zai yi ajiya ko ƙwaro ya shige shi.

Sai bayan sallah Fadila ta samu ya bi ta asibitin haƙori, yana mita tun daga cikin Keke. Likita ta danna dasashinsa, wurin ya lotsa da ɗan ƙas-ƙas kamar ɓawon ƙwai. A hoton muƙamuƙin ta nuna musu wani baƙin kewaye mai santsin gefe, farin zare ya zagaye shi, ga haƙorin can ƙurya da bai taɓa fitowa ba kwance a ciki, saiwoyin haƙoran da ke kusa sun karkace.

"Baba, ba ciwon daji ba ne. Jaka ce ta ruwa a cikin ƙashi, tana girma a hankali tana cinye shi. A cire ta. Kafin nan kada ka gatsa abu mai tauri, ƙashin zai iya karyewa."

"Likita, abin da ba ya ciwo za ki yanka?"

Maganar da ya riƙe ke nan har gida. Fadila ta yi bayani, ta sake yi, ta ɗaga hoton a hasken taga, ya ce shi inuwa kawai yake gani. Takaici ya hana ta cin tuwo. Da ma yana ciwo, da tuni ya kai kansa.

Washegari ta bi shi kasuwa. Aka sauke sabon huhu, maƙwabcinsa Haruna ya leƙo.

"Bakatsine, an ce an yi wa haƙoranka ritaya? Kawo in ɗanɗana maka."

"Kai da ba ka bambance goro da gauta?"

Malam Tanko ya zaro ɗaya ja, ya kai baki. Fadila ta ce, "Baba," can ƙasa, ita kanta da ƙyar ta ji. Ya tsaya. Ya shafa kuncin da babban yatsa, ya yi tsaki.

Bai ce zai koma asibiti ba. Ya dai miƙa hannu rumfar wani tsoho da ke gefe, ya aro magoginsa, ya goga goron a tafin hannu ya zuba a baki.