Dokin Gidaje Uku

Duk ranar da na jiƙa wa kajina dusa da 'yar kanwa, sai warin ya mayar da ni gidan kakana a bakin garin Gadarif na ƙasar Sudan, inda na tashi. Haka hannunsa yake wari kullum, ko da ya fito daga alwala.

Muna da doki, amma kada ka ɗauka masu hali ne mu. Doki ɗaya ne na gidaje uku: kakana, da amininsa na ƙuruciya, da wani maƙwabcinmu mai sayar da gawayi. Babu mai iya ciyar da shi shi kaɗai, sai suka haɗa hannu suka saye shi da karonsa, wato keken da yake ja. Yau yana gidan wannan, gobe gidan wancan. Ya ɗebo ruwa, ya kai dawa kasuwa, da kaka kuma ya yi ta jigilar kara daga gonakin Gadambaliya.

Ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda ya yi aiki da shi yau, shi zai ciyar da shi da yamma, da safe ya miƙa wa na gaba. Ka ga ke nan abin da ka zuba masa wani ne zai mori ƙarfinsa, kai ma ƙarfin da ka mora daga rumbun wani ya fito. Ba awo, ba shaida. In an kawo mana shi, kakana ba ya tambayar komai. Sai ya ɗora tafinsa a kan cikin dokin, ya ce alhamdu lillahi.

Shekarar da damina ta yi gardama, a cikinta amininsa ya rasu, babban ɗansa ya gaji rabonsa. Ban ce mugu ba ne, Allah ya tsare bakina. Yara gare shi birjik, ga dawa ta yi wuya. Sai dai doki ya fara zuwa mana ciki a shafe. Mai gawayi da ya lura, shi ma ya janye hannu. Kakana ya koma ba shi safe da yamma, daga dawar da za mu ci.

Kakata ta tare shi a bakin rumbu.

"Malam, mu ma fa da ciki Allah ya yi mu. Ka je ka yi wa yaron nan magana mana."

"In ce masa me, ya Hajja? Ni na wanke ubansa da hannuna."

"To sayar da rabonka, halas, magana ta ƙare."

"In sayar wa wa? Wanda zai ƙarasa shi?"

Bai yi maganar ba, bai kuma sayar ba. Amma ciyarwar gida ɗaya ba ta riƙe aikin gida uku. Da ruwa ya dawo, baƙin taɓon nan namu mai cire wa mutum takalmi ya riƙe karon a hanyar rijiya. Doki ya ja, ya ja, ya durƙusa, bai ƙara tashi ba. Su ukun suka tsaya a kansa suna salati, babu mai kallon idon wani. Daga ranar, tsakanin gidajen nan sai gaisuwar masallaci.

Yanzu gari ya cika da 'yan'uwan da yaƙi ya koro daga Hartum da Jazira, hannu biyu suka zo, ba su da komai. Kwanan baya wani daga cikinsu, mutumin kirki mai ƙananan yara, ya zo wa maigidana da shawarar su haɗa su sayi jaki da karo. Shi kaɗai ba zai iya ba, mu ma haka. Maigida ya nemi shawarata. Na san mutumin ba mugu ba ne, mu ma ba mugaye ba ne, amma na ga abin da yunwa take yi wa mutanen kirki. Na ce a'a.

Har yau a kafaɗa yake ɗebo ruwa, maigidana ma haka, kuma hanya ɗaya suke bi.